Sitronel a Kan Asabari

Shekara ashirin da bakwai ina kilishi a garin Garwa, ba a taɓa dawo mini da ko yanka ɗaya ba. A kasuwa in an ce kilishin Iliyasu, an gama magana. Sunan nan kuwa shi ne duk abin da na mallaka.

Ƙudaje ne suka ja mini. Bana sun yi yawa har mutum ba ya iya buɗe baki a mashanya. 'Yata Mardiya ta yi wata biyu tana koyon haɗa mai na ganyaye a wata ƙungiyar mata, ta fara sayarwa a unguwa: na na'a-na'a don ciwon kai, na kanumfari don haƙori. Ita ta kawo mini wata 'yar kwalba kamar ɗan yatsa.

"Baba, man sitronel ne, ciyawar nan ta shayi. Ɗigo biyar a bokitin ruwa, ka yayyafa a ƙasa. Kada ya kusanci naman."

Ɗigo biyar! Ni da nake zuba yaji da tafin hannu? A sana'armu mai ƙididdige kayan haɗi marowaci ne. Tana juya baya na tuttule kwalbar duka a bokitin, na wanke asabaran shanya da ruwan, na shimfiɗa naman sa guda da wata mai cinikina, Hadje, ta ba ni aikinsa na bikin ɗanta.

Ƙuda ko ɗaya bai sauka ba. Har murmushi na yi, don wauta.

Bayan kwana uku sai ga Hadje a kan babur, da kwali biyu. A tsakiyar layin mahauta ta dire su.

"Iliyasu, kilishi na ce ka yi mini ko sabulu? Baƙina da suka zo daga Marwa tofarwa suka riƙa yi! Kai Mahamat, zo ka ɗanɗana!"

Mahamat, mai rumfar da ke kallon tawa, ya gutsura, ya yamutse fuska, daɗi kamar ya kashe shi. Mutane suka taru. Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Daidai nan Mardiya ta iso da abincin rana, kwandon kwalabenta a ɗaya hannun. Na fizge kwandon na buga da ƙasa.

"Ga abin da shirmenki ya jawo mini!"

Ta dubi fasassun kwalaben, ta dubi asabaran da ke jingine, ta sunkuya ta shinshina ɗaya. Ta gane. Na ga ta gane. Kalma ɗaya za ta faɗa, layin nan kaf ya san tsohon banza ne bai ji magana ba.

Sai ta durƙusa gaban Hadje.

"Hadje, pardon, ki yi haƙuri. Ni na zuba, Baba bai sani ba. Kilishinsa ba ya da laifi."

"To ke da man naki kada na ƙara ganinku a gidana," in ji Hadje. "Kuma sai na gaya wa matan unguwa." Ta juyo gare ni, muryarta ta sauko. "Yaran zamani sai haƙuri, Malam Iliyasu. Ka sake yi mini wani na ranar Asabar."

Mahamat ma har da dafa mini kafaɗa.

Mardiya tana tsince gilashi da hannu, jini na ɗiga daga yatsanta. Duk layin suna jiran su ji abin da zan ce.

Na ce wa Hadje, "To, Allah ya kai mu Asabar."