Koren Da Na Shafa Da Hannuna

Shekara ashirin da uku ina tsere da Sixten da taswira a hannu, ban taɓa cin sa ba ko sau ɗaya. Yayana ne, shekara huɗu ya ba ni, kuma ba ya bari in manta. Asabar ɗin nan ita ce damata ta ƙarshe, domin ran Talata likita zai cire masa gwiwa ya sa ta ƙarfe, ya kuma gaya masa cewa daga nan gudu ya ƙare.

Ba wata gasa ce ta a zo a gani ba. Mu tara ne masu gudu, tsofaffin abokai, muka taru a bakin tafki bayan cocin garinmu a ƙarshen watan Mayu. Ƙawata Gunnel ce ta shirya hanyar. Tun da sassafe ta zaga a keke ta rataya tutoci goma sha huɗu a lungunan gari, kowace da ɗan ƙarfen huda kati. Kana gudu kana karanta taswira, ka nemo tutocin bi da bi, ka huda katinka, ka dawo. Minti goma sha biyar ne in ba ka yi shirme ba. Ita kuwa taswirar, ni na zana ta shekara shida da suka wuce, gida-gida, katanga-katanga.

"Ragna, ɗaure takalminki da kyau," in ji Sixten yana naɗe gwiwarsa da bandeji. "Kada anjima a ce igiya ce ta jawo."

"Ji da ƙafarka, tsoho."

"Ƙafa ɗaya ma ta ishe ni a kanki, 'yar ƙanwata."

Mtsw. Mutum gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau.

Gunnel tana sakin mu ɗaya bayan ɗaya, minti guda tsakani. Sixten ya riga ni tashi da minti uku. Da aka zo kaina na fizgi taswira na zura da gudu, kuma ranar, na rantse, jikina ya ba ni haɗin kai. Tuta ta ɗaya a bayan ɗakin karatu, ta biyu a ƙarƙashin matakalar makaranta, ta biyar a lungun da ke tsakanin gidan burodi da shagon keke. Ban tsaya sosa ƙeya ba ko sau ɗaya. Ina huda ta tara na hango rigar Sixten shuɗiya tana shan kwana can gaba, yana ɗingishi. Don murna na ƙara sauri.

Tsakanin tuta ta tara da ta goma, taswira ta nuna wani fili da aka shafa wa kore irin na ganyen zaitun. Duk wanda ya taɓa riƙe taswirar tsere ya san wannan launi: farfajiyar gidan mutane ce, ba a takawa. Ko ƙofa a buɗe take, ko mai gidan ya yafuto ka da hannu, sai dai ka zagaya.

To, gidan marigayiya Alfhild ne a wurin lokacin da na yi zanen. An rushe shi shekara biyu ke nan. Yanzu filin shaƙatawa ne na kowa da kowa, ga ciyawa, ga benci, ga wasu iyali sun shimfiɗa bargo suna cin tsiren alade, ga kare yana birgima. Tuta ta goma tana tsallaken filin tana kaɗawa, ina ganin ta da idona. Shekara biyu Gunnel tana bina in gyara wurin nan a taswira, ni kuma kullum gobe, gobe.

Na ce a raina, haba, kare ma ya taka balle ni. Na ratsa ta tsakiya.

Da na iso, Gunnel ta danna agogo ta rubuta. Minti goma sha huɗu da daƙiƙa hamsin da biyu. Na leƙa na Sixten. Goma sha biyar da arba'in. Jama'a, daƙiƙa arba'in da takwas! Na zube a kan ciyawa ina ihu, ni da furfurata, har wata mata mai tura keken jariri ta juyo. Sixten yana zaune a benci da jakar ƙanƙara a gwiwa, ya ɗaga mini kofinsa.

Aka buɗe fulas ɗin kofi, Gunnel ta fito da burodin kirfa, sannan aka zo kan abin da muke yi bayan kowane tsere: a shimfiɗa taswira a tebur, kowa ya ɗauki jan biro ya zana hanyar da ya bi, a yi ta gardama. Torvald ne ya miƙo mini biron. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutumin da ba ya tsallaka titi sai fitila ta ba shi hannu ko da babu mota a garin gaba ɗaya.

Na zana har tuta ta tara, sai hannuna ya tsaya. Babu wanda ya gan ni a cikinsu, da na ga dama da na lanƙwasa layin ya zagaya. Amma ban iya yi wa taswira ƙarya ba. Na ja layin ya miƙe sak ta cikin koren.

Kowa ya sunkuya a kan taswirar. Torvald ya ajiye burodinsa.

"Ragna, kin bi ta cikin kore."

"Wane kore? Filin gari ne, Torvald! Mutane na can suna cin tsire!"

"Su ba sa tsere."

"Kai, don Allah! Ina gidan yake? Nuna mini gidan!"

"Ga shi nan," in ji shi, ya ɗora yatsa a kan taswira.

Na juya wajen Gunnel ko za ta sa baki. Ta girgiza kai. "Ba ƙasa muke bi ba, ƙawata, taswira muke bi. Sauran takwas ɗin duk sun zagaya. Sau nawa na ce ki gyara?"

Kun ji fa. Manya takwas masu hankali sun zagaya filin da yara ke buga ƙwallo a ciki, saboda launin da ni na shafa da hannuna. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ture kofina gefe don takaici.

Torvald bai bar ni haka ba. Ya karɓi agogon Gunnel, ya tafi, ya yi gudu ta tsakiyar filin, ya dawo ya yi gudu ta zagayen, sannan ya taho yana haki kamar wanda ya ɗauko albishir.

"Daƙiƙa goma sha ɗaya ne bambancin."

Wa ya aike shi? Goma sha ɗaya. Da na zagaya kamar kowa, da na ci yayana da daƙiƙa talatin da bakwai, babu mai cewa uffan. Gunnel ta ja layi a kan sunana, wato an cire ni, ta rubuta ɗaya a gaban na Sixten.

Na zauna kusa da shi ina jiran tsokana. Sai ya gutsura burodinsa biyu ya miƙo mini rabi.

"Ban rage gudu ba, kin sani," ya ce. "Kowane taku kamar ana soka mini ƙusa, amma na yi iya ƙarfina. Na ce in kin ci ni yau, ya zama cin gaskiya, kada ki ce na bar miki. Kuma kin fi ni gudu, Ragna. Kin fi ni."

"To ka gaya wa Gunnel mana."

"Ba zai yiwu ba. Kin bi ta cikin kore."

Na so in kwaɗa masa fulas a kai, na kuma so in yi kuka, sai na cinye burodin kawai.

Washegari bayan karin kumallo na buɗe kwamfuta, na nemo farfajiyar Alfhild a taswirar, na mayar da koren rawaya, launin filin da kowa ke bi. Na duba agogo. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ran Talata ni na tuƙa Sixten zuwa asibiti.