Faifan Mai Ɗigon Jan Farce

Sunan mijina Mutawakkil. Shekara goma sha tara muna tare ban taɓa kiran sunan da bakina ba, yau ne na fara rubuta shi. Ni ce Riskuwa, mai bandar kifi a Kurgu. A aji huɗu na tsaya, don haka abin da na tuna shi zan faɗa, yadda ya zo mini.

Gidansu masunta ne tun kakanni, amma shi ya ajiye koma ya tafi Bagudo koyon gyaran rediyo wurin Baba Akinola, wani Bayarabe mai shago a bakin kasuwa. A can ya kamu da son faifan garmaho. Ba irin waƙoƙin da muka sani ba. Wani kiɗa ne na Turawa, su yanko ganga daga wani tsohon faifai, su yanko murya daga wani, su haɗe su kamar mai facin koma, abin ya yi ta maimaita kansa da gudu. Nakan ce masa kamar awaki ne suka hau kwanon rufi. Sai ya yi dariya ya ce kunnena na kifi ne. Duk abin da ya samu can yake tafiya. Yana da mutane a tsallaken iyaka, cikin Binin, masu tsinto masa su a kayan gwanjon Kwatano. Kwali shida ya tara a ƙuryar ɗakinmu, kuma ba ya bari kowa ya taɓa, har ni.

Guda ɗaya ne a ciki ya fi masa duka. Yana ɗan shekara sha bakwai wani Bature ya shiga jirginsu a mashigar Lolo da akwatin ɗaukar magana, ya ɗauki kiran da yake yi idan yana tuƙi. Bayan shekaru, a wani shago a Binin, ya ji muryarsa cikin irin wannan kiɗan tana cewa, "Tuƙa, gida da nisa," tana sake faɗa, ganga na bin ta. Mai shagon ya ce a kaset ya kwafa, kuma kaset ɗin ba na sayarwa ba ne. Ya ce faifan kaɗan aka buga, ba suna a jikinsa, farar takarda ce kawai a tsakiya. Shekara goma sha ɗaya maigidan yana nemansa. Da labari ya zo an ga guda a Kwatano, babansu yana kwance ba lafiya. Ya ce kwana uku zai yi. Ya yi takwas. Ya dawo da faifan a ƙirjinsa, ya tarar an yi sadakar uku.

Yayansa Na'Allah, wanda ya yi jinyar tsohon, bai ce masa komai ba a ranar. Bayan nan ma suna gaisawa, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Na ɗauka maganar ta wuce.

Da yake faifan ba shi da suna, maigidan ya karɓi jan farcena ya ɗiga masa a tsakiya. Ba ya yawan sa shi, ya ce kowane juyi allura na cin kaɗan daga jikinsa. Sau biyar na ji shi, duk a shagon Baba Akinola, don a can garmahon yake.

Bara, farkon damina, jirgin da ya ɗauko su daga kasuwar tsallake ya kife. An sami gawarsa kwana biyu bayan nan. Wayarsa, mai ɗauke da saƙonnin muryarsa, tana ƙasan kogin Kwara har yau. Ba ni da ɗa da shi da zan ce zai girma ya ɗauko maganarsa. Da na shiga takaba, abin da ya riƙe ni guda ne: in na fita, zan ɗauki faifan nan in je Bagudo in ji shi. Na faɗa wa Atika, matar Na'Allah, ranar da take tsefe mini kai. Na ce mata mijina yana nan cikin kwali, kwanaki kawai nake jira.

Saura wata ɗaya in fita ruwa ya shigo gari. A ɗakina ya kai gwiwa, ya kwana biyu ya janye. Kwalayen nan sun jiƙe sun ruɓe, takardun da ake sa faifan ciki sun zama kamar kunu, laka ta shiga ko'ina. Na zauna na wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan randa, ina kuka, har na kai ga mai ɗigon ja. Bai fashe ba. Na ce alhamdu lillahi.

Mu abin da ya jiƙe rana muke ba. Gero, tufafi, kifi, tabarma, duk da aka fito da su ranar nan an shanya. Ina tsaye da fayafayan a cikin daro Na'Allah ya shigo duba katangar da ta faɗi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, ina zan sa waɗannan su yi saurin bushewa?"

Ya daɗe yana kallon daron. Sannan ya ce ƙasa da sauran danshi, kwanon rufi ya fi. Da kansa ya jawo fallen kwano huɗu daga rumfar da ta rushe, ya share su da hannun rigarsa, ya shimfiɗa mini a tsakar gida inda babu inuwa. Ya tambaye ni wanne ne na muryar, na nuna masa. Ya ce in sa shi a tsakiya, nan rana ta fi zama. Ya ce kada in ɗauke su sai la'asar, don ruwa na ɓuya a cikin layukan. Na yi masa godiya. Har na ce a raina ashe Yaya yana da tausayi.

Da la'asar na fito. Wasu sun naɗe kamar busasshen ganyen kabewa, wasu sun bi tudu da kwarin kwanon sun ɗauki siffarsa. Mai ɗigon ja ya lanƙwashe gefe biyu. Da na ɗauka ya ƙona mini yatsu. Na sa shi ƙarƙashin turmi, na yi tsammanin zai miƙe. Atika tana leƙe ta katanga.

Ranar da na fita takaba na hau kabu-kabu zuwa Bagudo da shi a cikin zane. Baba Akinola, wanda tun aurena yake ce mini Amarya, ya buɗe zanen, sai ya nemi kujera ya zauna. Ya ce in bar masa mako biyu. Ya matse shi tsakanin gilashi biyu, ya ɗora batirin mota a kai. 'Yarsa Folasade ta yi ta bincike a waya ko wani ya sa kiɗan a can, amma abin da ba shi da suna, da me za a neme shi?

Da na koma ya ɗora shi a garmaho. Allurar tana hawa tana sauka kamar jirgi a kan igiyar ruwa. Ganga ta fito tana rangaji. Da aka zo wurin muryar, sai wani gurnani ya fito, kamar na bijimi idan an kayar da shi za a yanka, allurar ta yi tsalle ta koma baya, gurnanin ya sake fitowa. Sau uku. Na ce ya kashe.

Ya tambaye ni wa ya ce in sa su a rana. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ce, "Amarya, Na'Allah ya sani. A gabana mijinki ya yi masa faɗa, don ya ajiye kwali ɗaya a bakin shago da hantsi. Ya gaya masa rana na narka su."

Na sami Na'Allah a gindin mangwaro yana facin koma. Ban durƙusa ba. Na ce, "Yaya, ka sani."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kin tambaye ni inda za su yi saurin bushewa. Sun bushe ko ba su bushe ba?"

Na ce mi na yi masa.

Ya ja zaren ya ƙulle, ya cije shi da haƙori. Ya ce, "Ke ba ki yi mini komi ba. Baba kwana biyu yana kiran sunanshi, yana cewa in ya ji muryar yaron nan ko sau guda ya ishe shi. Ni ke riƙe da kanshi. Bai ji ba. Wagga murya da aka bar tsoho saboda ita, ba mai sake jin ta. Kuma ban taɓa faifanki ba, da hannunki kika jera su."

Akwai mutane zaune a wurin. Ɗaya ma ya ce in yi haƙuri, dama kiɗa ba ya amfanar mamaci.

Sauran fayafayan yaran unguwa sun kwashe, suna wurga su a kan ruwa su ga na wa zai fi nisa. Mai ɗigon ja yana ƙarƙashin gadona. Kalmomin ina da su, tuƙa, gida da nisa. Amma in na rufe ido ina bandar kifi, na ce bari in jiyo yadda yake faɗar su, gurnanin nan ne ke zuwa. Da ban kai shi an sa ba, da watakila muryarsa ta cikin kaina ta ƙara 'yan shekaru.

Gida ɗaya muke har yanzu, katanga ce tsakani. Kullum da safe ina jin Na'Allah yana kiran awakinsa. Muryarsa ba ta kama da ta ƙanensa ko kaɗan.