Maganin In'inar Khalilu

Khalilu ya toshe hanci, ya ɗaga gorar ya kwankwaɗi rabi a bayan rumbun dawa. Abin ya ƙone masa maƙogwaro har hawaye suka zubo.

"Yauwa, ta shiga," in ji abokinsa Mati. "Giyar manya ke nan. Duk wanda ka ji yana zuba magana a rediyo, ita ya sha."

Mati yana jan adaidaita sahu tsakanin Bacirawa da Ungogo, don haka a ƙauyen shi ne masanin duniya. Khalilu kuwa in'ina gare shi tun yana yaro, kafin ya gama sallama an amsa an wuce. Ga shi yau ƙanen mahaifinsa, Baba Dabo, ya kawo dillalin filaye zai sayar da gonar gado. Shekarun sun yi tsanani, taki ya gagari kowa, gonakin maƙwabta duk sun koma bulo da kwano.

"Astagfirullah," in ji Khalilu, sannan ya ƙara kurɓa don istigfarin ya sami abin yi.

A zaure ya tarar da Baba Dabo yana yi wa dattawa bayanin cewa noma ya mutu, saura a binne shi. Dillalin yana ta gyaɗa kai cikin alhini, kamar shi aka yi wa rasuwar. Khalilu ya ji ɗumi yana hawa ƙirjinsa. Ya ce a ransa, ta fara aiki.

"Baba, gonar nan ba ta sayarwa ba ce. Kason mahaifina yana ciki, kuma ba wanda ya tambayi Inna. In an sayar, da bulo za mu tuƙa tuwo?"

Ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Baba Dabo ya saki baki. Liman ya yi gyaran murya ya ce yaron ya yi gaskiya, sai an raba gado tukuna. Dillali ya tattara babbar rigarsa ya tuna yana da wani uzuri. Daga bayan zana, mahaifiyarsa Inna Hure ta fashe da kuka tana cewa addu'arta ce Allah ya amsa.

Bayan la'asar Khalilu ya sami Mati yana goge kekensa na adaidaita.

"M-Mati, ta s-sake ni. Ina r-ragowar?"

Mati ya yi dariya har ya dafa taya.

"Wace giya a wannan tsadar? Citta ce da kanumfari da barkono, matar yayana ta dafa saboda mura. Bakinka ne ya yi magana, Khalilu, naka na kanka!"

Mati ya gyara tsayuwa yana jiran godiya, ko mari.

"Wato j-jabu ce."

"Jabu ce tsantsa."

"To in j-jabu ta yi wannan aiki, ta g-gaskiyar fa?"

Dariyar ta ɗauke.

"Kai, ba haka nake nufi ba."

Amma Khalilu ya riga ya shige bayan keken, ya naɗe ƙafar wando, ya zauna daram.

"T-tayar mu je birni. Ai ka ce duk m-masu sayarwar sun san ka."

Mati, wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba a rayuwarsa, ya tsaya riƙe da makulli yana neman ta inda zai fara cewa bai san hanya ba.