Kwanon Gaisuwar Yaya Kulu

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai na samu hutu zan tafi yawon buɗe ido birnin Rum, ni da ko Kaduna ba na zuwa sai da dalili. A tashar Funtua na shiga mota. Wadda ta rako ni Yaya Kulu ce, yayata da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ban yi mamaki ba, ita ma ba ta yi ba. Ta miƙo min kwano ta taga, rufe da faifai, da zafinsa.

"Tanimu, gaisuwata ce a ciki. Ka kai wa mutanen garin, kada ka bari ta huce. In sun amsa ka zo ka gaya min."

"Yaya, kin san wani ne a can?"

"Sai ka san mutum kake gaishe shi?"

Mun wuce Bakori kaɗan direba ya karya kwana ya tsaya, ya ce masu Rum su sauka. Ni kaɗai na sauka.

Garin duk dutse ne, kuma rabinsa a rushe. A wajenmu in katangar mutum ta faɗi kunya yake ji, ya nemo zana ya kare. Su kuwa sun share tasu fes, sun kewaye ta da igiya, ana bin layi a gani. Mai yi mana jagora wata akuya ce mai tabarau, ta ɗaga jar lema don kada mu ɓata. Masu yawon sun kai arba'in, kowa da baya yake tafiya, ya ba ginin ƙeya yana ɗaukar kansa hoto.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yi musu sannu. Duk wanda na gaisar sai ya miƙo min wayarsa in ɗauke shi. Na ɗauki hoto ya fi talatin da hannu ɗaya, kwano na ɗaya hannun, amma babu wanda ya ce in shigo a yi da ni.

Na matsa kusa da akuyar na ce, "Ranki ya daɗe, ina ake kai gaisuwa a garin nan?"

"Gidan tarihi, hawa na biyu. Ba a taɓawa."

Sai ga ni a hawa na biyu. Gaisuwa ce jere cikin akwatunan gilashi. Ga "ina kwana" ta bushe kamar tsohuwar fata. Ga "ya mutanen gida" ta rabe biyu an liƙe ta. Akwatin "sannu da zuwa" babu komai, wai an ba wata ƙasa aro. Mai gadin wurin, wani bunsuru da hular kwano, ya ce rabon da su yi amfani da su shekara ɗari uku ke nan, don suna cin lokaci.

"Taka ta yaushe ce?"

"Ta yau ce, yallaɓai."

"To, ka dawo da ita in ta tsufa."

Na taɓa gindin kwanon, na ji ya koma ɗumi-ɗumi.

A wani dandali na tarar ana ruwa daga ƙasa zuwa sama, mutane sun juya lema suna tafe a ciki. A tsakiya ga mutum-mutumin wani dattijo, ko bante babu a jikinsa, hannayensa biyu sun karye. Na kau da kai don kunya na ce, "Baba, barka da hutawa."

"Ba hutawa nake ba, a bakin aiki nake."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya dubi kwanon, ya dubi kafaɗunsa.

"Da na karɓa, amma ka dai gani. Kuma ni ma ba ɗan gari ba ne, kawo ni aka yi."

Na zauna a gindinsa, baƙi biyu, ruwa na hawa ta ƙafar wandona. Nan kaɗaici ya kama ni sosai. Tun da Yaya ta tafi babu mai aiko ni ko'ina, babu mai jiran in dawo in ba shi labari. Yau ta sake aikena, ga shi gari guda na rasa wanda zai ce yana amsawa.

Na tashi na shiga wani lungu siriri, inda aka yi shanya daga wannan bene zuwa wancan. Can sama wata tsohuwa tana shanya safa, ƙafa ɗaya ɗaya. Ta leƙo ta gan ni. Ba ta miƙo waya ba. Na ɗaga mata kwanon da hannu biyu na ce, "Iya, daga Funtua ne. Yayata ce ta ce a gaishe ku."

Ta zuro kwando da igiya. Na sa kwanon a ciki, ta ja a hankali, ina ta addu'a a raina kada ya kife. Ta ɗage faifan. Ɗan tururi ya tashi, kaɗan ƙwarai, amma ya tashi. Ta sunkuya ta shaƙa, ta share ido da bayan hannu, ta gyara tsayuwa za ta amsa. Na kasa kunne don in riƙe kowace kalma in kai wa Yaya.

Ta buɗe baki, sai ƙarar injin markaɗe.

Na farka. Ladidi maƙwabciyata ce ta tayar da injinta, rana har ta fito. Na zura takalmi na fita na leƙa ta katanga, na ce mata ina kwana. Ta nuna kunnenta, ta nuna injin, ta ci gaba da zuba wake.

Na tsaya a nan ina jira ta kashe.