Wasan Taubasai a Fuskar Salula

Jibril, tela a kasuwar Karofane, bai taɓa kiran Hamani da sunansa ba. Ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, makiyayi, don haka tun suna yara "ɓarawon shanu" yake ce masa, shi kuma ya rama da "ɓarawon ƙyalle". Kullum da saƙon murya yake aika masa tsiyar ta salula, dariya na biye. Ranar nan ƙarar kekunan ɗinki ta cika rumfa, sai ya rubuta: "Ɓarawon shanu, ina waɗanda kuka koro jiya? A aje mini rabona."

Saƙon ya iso daidai lokacin da masu kaki suka tsayar da motarsu Hamani a hanyar Madawa, suka karɓe salular kowa. Tasa a kulle take, amma kullewar banza, don saƙon ya leƙo a fuskarta ɓaro-ɓaro. A makon kuwa an kore garken wani a can wajen Urno. Mota ta wuce ba Hamani.

Jibril ya rufe rumfa ya bi sawu, ofis bayan ofis. Ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe.

"Ranka ya daɗe, wasa na. Taubashina na, haka muka tashi."

Jami'in bai ko ɗago kai ba. Ya ce ba wannan kaɗai suka gani ba, sun buɗe wayar sun saurari duk saƙon da ya taɓa shigowa, kuma kalmar ɓarawo ta yi yawa a ciki. Shi ma ya san taubasantaka, a garinsu ana yi, amma aikin ya riga ya wuce hannunsa.

Gwaggo Jaratu, uwar Hamani, ba ta zagi Jibril ba. In ya zo gaisuwa sai ta miƙo masa hura ta koma ɗaki. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi, don baƙin ciki na cin sa.

Bayan girbi aka sako Hamani, ya rame, an sayar da rabin garkensa wajen nemansa. Jibril ya taho da gudu, yana fatan ko mari ne ya sha. Hamani ya miƙe daga tabarma, ya dubi aljihun Jibril inda salula take, ya ba shi hannu biyu kamar baƙo.

"Malam Jibril, an zo lahiya? Ya aiki?"