Numfashin Maƙerin Zinariya

A wace rana ce riƙon sana'a yake komawa cin amanar masu kawo aiki? Na daɗe ina juya tambayar, tun da na ji labarin wani tsohon maƙerin zinariya.

Shekara arba'in tsohon maƙerin yana liƙin zinariya da ɗan bututun ƙarfe. Yakan sa shi a baki ya hura harshen fitila, wutar ta miƙe kamar allura ta sauka kan tsaga. Sirrin aikin numfashi ɗaya ne, dogo, ba rawa. Yanzu kuwa yakan yanke masa a tsakiya. Likita ya ce huhunsa lafiya lau, naman da ke jan iska ƙarƙashin haƙarƙari ne ya tsufa, yadda damtse yake tsufa.

Babbar 'yarsa, wadda ke goge kayan da ya gama a teburin gefe, ta ce, "Baba, ni in hura, kai ka riƙe hantsaki."

Ya ce, "Idon da ya ga zinariya ta yi gumi za ta narke, shi ke tsai da iska. Kafin in ce miki tsaya, an yi ɓarna."

"To ka sayi wutar gas mana, kamar kowa."

"Da tsufana in koma mai walda?"

Wata safiya wata malamar makaranta ta kawo 'yan kunne biyu masu siririn fure, duka sun tsage a wuya. "Su kaɗai mahaifiyata ta bar mini," in ji ta. "Zan dawo da la'asar."

Ya ɗora na farko kan gawayi ya fara hurawa. Dab da liƙin zai kama, ƙirjinsa ya ƙi. Ya jawo iska da sauri ya huro da ƙarfi, wutar ta yi tsalle, furen ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo.

'Yar ta ci gaba da gugarta. Shi ya daɗe yana kallon ɗan kunnen da ya rage, yana jin yadda haƙarƙarinsa ke ɗagawa da ƙyar.

"In ta dawo, ni zan gaya mata da bakina," ya ce. Ya share bakin bututun da gefen rigarsa ya miƙa wa 'yar. "Matso kusa. A hankali, kada ki kumbura kumatu. In na taka miki ƙafa, ki tsaya."