Laifin Layin Gusau

Surayya ta danna maɓallin harbi, amma sojan da ke kan allon kwamfutar ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Kafin ya motsa har an kashe shi an wuce. A kusurwar allon, lambar da ke nuna jinkirin layi ta haura ɗari shida, alhali cikin abokan wasanta huɗu babu wanda tasa ta kai ɗari biyu.

Saƙon Irene, shugabar ƙungiyarsu, ya fito a gajarce: gasa ƙarfe ɗaya na rana, idan layin bai gyaru ba wani zai hau gurbinta.

Wata takwas ta yi tana neman gurbin nan. Ta rufe duk abin da ke cin intanet a kwamfutar, ta sa modem ɗin, na'urar da ke haɗa kwamfutar da intanet ta layin tarho, ya kira lamba ta nan cikin Hyattsville, garin da suke zaune a ƙasar waje, duk a banza. Ta katse intanet ɗin, ta ɗaga kan tarho ta kasa kunne. Ƙara ce ke tashi, caaa, kamar ana suyar ƙosai.

Kawu Halilu na zaune a falo yana karyawa kafin ya fita da tasi.

"Kawu, layin gidan nan ba shi da lafiya."

"Layin Gusau ne, 'yata. Shekara biyar ina fama da shi."

"Ban kira Gusau ba. Ban kira kowa ba."

"To, ya saba ne," in ji shi, yana dariya.

Dariyar ce ta fi ƙona mata rai. Duk Lahadi sai gidan ya cika da manya masu digiri, a kira gida a yi ta ihu a tarho, minti uku a ajiye, sannan a zauna a zagi ƙasa da masu mulkinta har shayi ya huce. Cikinsu babu wanda ya taɓa durƙusawa ya leƙa bayan kujera.

Ita ta durƙusa. Ta ja kujerar, ta bi igiyar tarhon da hannu har bango. Nan ta ga an raba layin biyu. Ɗaya igiyar ta bi ƙarƙashin kafet ta fice ta gefen taga. Ta ɗaga tagar. Ga ta nan tana reto a jikin bango, bakinta a buɗe, ya yi tsatsa, ruwan indararo na ɗiga a kai.

"Wannan fa, Kawu?"

Ya taso ya leƙa. "Af, ta Sabo ce. Da ya zo ƙasar nan ba shi da tarho, sai na zura masa zuwa ɗakin ƙasa."

"Sabon da ya koma Lanham tun ina sakandare?"

"Bar ta. Wani baƙon zai zo."

"Shekara biyar ruwa na dukanta, ku kuna zagin Gusau."

"Ke dai a kan wasan harbe-harben nan kike wannan zafin."

"E, a kansa ne. Ni dai na duba."

Ta fizge igiyar daga bango ta naɗe ta a hannu. Ta haɗa intanet: lambar jinkirin ta sauko ɗari da saba'in. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Da ta yi zamanta, da shi ke nan, amma tana so Kawu ya ji da kunnensa. Ta katse, ta miƙa masa kan tarhon.

Kawu Halilu ya kara a kunne ya saurara. Ya girgiza shi, ya sake karawa. Sai ya laluba aljihu ya zaro katin kira.

"Bari in gwada Inna. Minti biyu."

"Kawu, ƙarfe ɗaya..."

Har ya fara danna lambobi. Da aka ɗauka ya cika ƙirji zai yi ihun da ya saba, sai ya tsaya. Ya zauna a hankali a hannun kujerar.

"Inna? Ina jin ki. Ina jin har kajin."

Muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda Surayya ba ta taɓa jin ya yi magana da mahaifiyarsa da ita ba. Ya tambayi ƙafarta. Ya tambayi bishiyar lemon tsakar gida. Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu.

Ƙarfe ɗaya ta buga. Surayya ta tako har gabansa, ta dubi fuskarsa, ta ja da baya. Ɗaya da minti goma ta je ta kashe kwamfutar.

Da ta dawo, ya toshe bakin tarhon da tafin hannu, fuskarsa cike da murna.

"Kin ji ikon Allah? Sun gyara layin Gusau."

Ta dubi igiyar da ke naɗe a hannunta, tsatsar ta ɓata mata yatsu.

"A gaishe ta," in ji ta.